Yadda Na Shiga Fayil ɗin Auta

Shekarun baya, da ɗan dama amma ba su kai goma ba, 'yata ta saka ni a cikin fayil. Ni ba mai yawan magana ba ne, amma wannan zan faɗa.

Ban yi boko ba. Allon ma ban daɗe a kansa ba, yunwa ta tashe mu daga gari ina ƙarami, daga nan sai bin shanu. Na kora shanu da ƙafa daga Maigatari zuwa garuruwan da har yau ban san sunayensu ba. An yi mini fashi sau biyu. An taɓa ɗaure ni a kan san da ba ni na sata ba. Da gwiwa ta gaji na dawo ƙauyenmu kusa da Ɗanzomo, na kama noma da shanun huɗa guda biyu. Iyakar tarihina ke nan.

'Ya'yana duk noma da aure suka yi, sai auta. Ita ce ta nace wa karatu har ta gama kwalejin malamai a Gumel. Ta dawo da takarda, ta zauna shekara biyu babu aiki. Tana daka, tana ɗebo ruwa, kunnenta yana kan waya. Ba ta ƙorafi, amma ina ganin wuyanta yana tsawo.

Rannan cikin damina wata ƙawarta ta kira ta. Ta ce akwai wata makarantar firamare a Gumel, ta wata Hajiya tsohuwar malama, za a ɗauki malamai biyu in an dawo hutu. Masu nema suna da yawa. Intabiyu saura sati shida. Kuma Hajiyar ta ce kowa ya zo da fotfoliyo.

Ina gindin rumbu ina gyaran igiya na ji kalmar. Ai na san fotfoliyo. Tun ina yaro nake ganin ta a hannun ma'aikata in sun zo ƙauye, jaka ce mai mariƙi da ƙaramin kwaɗo. Ranar Alhamis na hau babur na tafi kasuwar Maigatari wajen wani abokina baduku.

Na ce, "Ɗinka mini fotfoliyo."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai? Dusa za ka zuba a ciki?"

"Ɗinka kawai."

Kafin la'asar ya gama. Jar fata, da geza a gefe, har da ado a murfi, don ya ce ba zai bari aikinsa ya shiga ofis tsirara ba. Na kawo gida na ajiye a gaban Auta a kan tabarma.

Na ce, "Ga fotfoliyo. Saura me?"

Ta dubi jakar, ta dubi uwarta. Uwar ta kai gefen zani baki. Auta ta durƙusa ta ce, "Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma," sai a kan "girma" ɗin dariya ta ƙwace mata. Suka yi ta yi har da hawaye. Ni dai ina tsaye kamar turke.

Da ta huce ta ce, "Baba, ba jakar ake nufi ba, abin da ke ciki ne. Fayil ne da zai nuna na iya koyarwa."

Ta shiga ɗaki ta kwaso takardu ta baje. Ga satifiket ɗinta. Ga takardar shaida daga hedimastan wani ƙauye wajen Gagarawa, inda ta yi koyarwar gwaji tana kwaleji. Ga tsarin darasi, wato yadda za ta fara da yadda za ta ƙare kowace rana. Ga hotunan kayan koyarwa da ta haɗa da kara da murafen kwalba. Akwai kuma shafi guda da ta rubuta dalilin da ya sa take son aikin. Sai ta ɗora hannu a inda babu komai a tabarmar.

"Nan ne matsalar. Ana son aikin ɗalibi guda, daga ranar da bai san komai ba zuwa ranar da ya sani. An ce shi Hajiyar ta fi dubawa. Wai satifiket kowa yana da shi."

Wannan na gane shi. In za ka sayi san huɗa, ba bakin mai shi za ka bi ba, garma za ka ɗaura masa ka gani. Jakar kuwa uwarta ta ɗauke, ta ce dama tana neman inda za ta riƙa ajiye katin asibiti.

To ina ɗalibi? Littattafan yaran da ta koyar suna can makarantarsu, kuma an yi hutu. Ta tara 'ya'yan maƙwabta, amma damina ce. Yau biyar su zo, gobe duk suna gona, jibi a zo da wasu daban. Sati guda ya tafi a banza. Da yamma tana zaune ta yi tagumi, uwarta tana tankaɗe, sai uwar ta ce ba tare da ta ɗago kai ba:

"Kina neman wanda bai san komai ba, kuma wanda ba ya zuwa ko'ina bayan la'asar. Ga shi can yana shan fura."

Na ajiye ludayi. Na ce, "Ki iya bakinki."

Ta ce, "Ƙarya na yi?"

Ba ta yi ƙarya ba. Amma ku gane, a ƙauyenmu ni ake kira in sa ya haukace. A majalisa in na yi magana ba a maimaitawa. Mutum irin wannan a gan shi da fensir yana "a, ba, ca"? Na kwana biyu ina kauce wa zancen. A na uku na ga Auta ta mayar da takardunta cikin akwati, ta tura ƙarƙashin gado. Na kira ta.

Na ce, "Zan zauna. Amma a cikin gida, ba a zaure ba. Kuma ba suna, ba hoto, ba wanda zai san ni ne. Rantse."

"Baba, ko shekarunka ne a rubuta."

"Tsoho nawa ne a nan yake da 'ya mai kwaleji? Rantse."

Ta rantse. A bangon littafin ta rubuta "Ɗalibi na ɗaya."

Ranar farko ta miƙo littafin, na buɗe shi ta baya na nufi dama, yadda na tuna ana yi a allo. Ta juya mini shi. Na kama fensir, na danna, ya karye. Ta fiƙe. Na sake karya shi. Ta ce, "Baba, ba turke kake kafawa ba." Ban ji daɗi ba, amma na sassauta.

Ba ta fara da jera mini haruffa ba. Ta ce in faɗi abin da na fi sani a duniya. Na ce sa. Ta rubuta shi, harafi biyu kacal. Na dube shi na ce, "Duk girman nan nasa?" Daga sa muka je gero, wake, ruwa, garma. Kullum in na dawo gona na yi la'asar, sai tabarma. In na yi daidai ta ce madalla. In na ɓata ta ce, "Mu sake gani," wanda na lura shi ne "ka ɓata" a bakin malamai. Kowane shafi in mun gama sai ta sa kwanan wata a kai.

A sati na uku ta ce yau za mu yi magana mai tsawo, wadda za ta wuce layi ɗaya. Don in gane, ta ce, "Baba, layin littafi kamar kunyar gona ne. Ka ɗora garma daga wannan bakin, ka bi shi sak har ƙarshe, kada ka hau kan na kusa." Wannan ya shige ni sosai. Ta tafi duba tukunya, na duƙufa. Layi huɗu na yi. Ban taɓa jin daɗin aiki irin na ranar ba.

Ta dawo ta ɗauki littafin. Ta karanta layin farko. A na biyu ta tsaya, ta karkata kai, ta juya littafin, ta sake juyo shi.

"Baba, mene ne wannan?"

"Rubutu."

"Layi na biyu daga dama ka fara. Na huɗu ma haka."

Na ce, "To da daga ina zan fara? Na kai ƙarshen kunya, na juya shanu, na dawo a ta kusa. Wane mai huɗa ne zai ɗaga garma ya koma farko hannu banza? Asarar tafiya ke nan."

Uwarta da ke bakin murhu ta ce, "Ai shi ke nan, an samu mai gyara wa Turawa boko."

Na jira faɗa. Auta ba ta yi ba. Ta zauna ta daɗe tana kallon shafin, sannan ta ce, "Gaskiyarka. Ni na ce kunya." Ta sa kwanan wata, ta rufe littafin, ta ce yau an tashi.

Kwana biyu tana gwada dabaru. Ta zana kibiya, na bi ta a layin farko, a na biyu hannuna ya juya da kansa. Ta sa yatsa a gefen hagu, da ta ɗauke na koma gidan jiya. Hannun da ya shekara talatin yana juyawa a bakin gona ba ya jin kibiya.

A rana ta uku ta dawo daga ɗebo ruwa da sauri, ko tulun ba ta sauke daidai ba. Rijiyoyinmu na nan masu zurfi ne, da sa ko jaki ake jan guga. Ta ce, "Baba, in sa ya ja igiya ya kai ƙarshe, guga ta fito, daga can yake sake ja?"

Na ce, "Wauta. Sai ya dawo bakin rijiya."

"Hannu banza?"

"Hannu banza mana. Ruwan yana rijiya."

Ta ɗauki fensir ta zana ɗan da'ira a farkon kowane layi, ta hagu. Ta ce, "Ga rijiyarka. Rubutu ba huɗa ba ne, jan ruwa ne." Tun daga ranar, in hannuna ya nufi dama sai ta ce, "Ina rijiya?" sai in dawo. Bayan sati ta daina zana da'irar.

Shafi na ƙarshe ta ce in rubuta abin da na ga dama, ba za ta taya ni ba. Na rubuta abin da ke damuna a ranar. Ta karanta ta yi murmushi, ta sa kwanan wata.

Sai haɗa fayil. Ta zaɓi shafuka, ta sa kowanne a leda, a ƙarƙashinsa ta rubuta abin da ta yi da abin da ya biyo baya. Ta karanta mini na shafin huɗar nan. Ta rubuta cewa kuskuren nata ne, ita ta ba ɗalibi misalin da ya ɓatar da shi, kuma sai da ta tambaye shi dalilinsa kafin ta gane.

Na ce, "Cire wannan. Mai neman aiki ba ya tallar laifinsa."

Ta ce, "Shi ne ya fi komai a fayil ɗin."

"Na ce ki cire."

"Baba, ɗalibi ba ya gyara wa malama fayil."

Ban san inda ta gado taurin kai ba. Uwarta ta ce ita ta sani.

Ranar intabiyu na ɗauke ta a babur zuwa Gumel. Na zauna ƙarƙashin darbejiya a bakin ƙofar makarantar tare da wasu masu rakiya, mazaje da iyaye. Aka yi ta kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Ita ta daɗe a ciki. Da ta fito, fayil ɗin yana rungume a ƙirji, ba ta kalle ni ba.

Ta ce, "Baba, mu tafi."

"Me aka yi?"

"Ba komai. Mu tafi."

"Ba na tada babur sai na ji."

Ta matso ta yi ƙasa da murya. Wai komai ya tafi daidai har aka zo aikin ɗalibi. Ɗaya daga cikin malamai biyun da ke zaune da Hajiya ya ce wannan ba hannun yaro ba ne, yaro ba ya danna fensir har ya fito ta bayan takarda. Sannan ya karanta shafin ƙarshe da ƙarfi: "Gwiwata tana ciwo in hadari ya taso." Ya ce a nuna masa ɗan shekara shida mai irin wannan gwiwa. Ya ce ita ta rubuta da hannun hagu. Hajiya ta tambaye ta waye ɗalibin. Ta ce ta yi rantsuwa ba za ta faɗa ba. Hajiya ta ce to ba za ta ɗauki malamar da ake shakkar gaskiyarta ba.

Na dubi mutanen da ke ƙarƙashin bishiyar. Akwai wani daga ƙauyen da ke kusa da namu, kuma na san bakinsa. Na dubi Auta. Shekara biyu tana jiran wannan rana, ta bar ta ta wuce don kada a yi wa tsoho dariya.

Na ce, "Biyo ni."

Na tuɓe takalmi a bakin ofis, ko da yake na ga su da nasu a ƙafa. Na yi sallama. Hajiya tana tsakiya da tabarau, malaman nan biyu a gefe.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ni ne yaron."

Hajiya ta sauke tabarau ta dubi gemuna.

"Malam, wane yaro?"

"Ɗalibi na ɗaya. Mai gwiwa."

Ɗaya malamin ya kawar da kai, kafaɗarsa tana rawa. Wanda ya yi zargin kuwa bai yi dariya ba. Ya ce kowa zai iya shigowa ya ce shi ne. Gaskiyarsa. Hajiya ta miƙo mini alli ta nuna allon bango. Ta ce, "Rubuta mana layi biyu, duk abin da ka ga dama."

Na tsaya gaban 'yan fashi ban yi gumi irin na ranar ba. Allin ya karye, na ci gaba da guntun. A hankali na rubuta, "Ni ne uban wannan yarinya." Na kai ƙarshe. Tsoro ya sa hannuna ya koma ɗabi'arsa, na sauko nan take na fara layi na biyu daga dama.

Sai na ji murya a bayana, ba muryar 'ya ba, muryar aji: "Ina rijiya?"

Na goge da hannun riga. Na taka na koma hagu. Na rubuta, "Ba ta ƙarya."

Na ajiye allin. Hajiya ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta juya ga Auta ta ce, "Zauna, 'yata. Buɗe mini shafin nan da kika ce kuskurenki ne. Wace rijiya ce wannan?" Auta ta fara bayani, ni kuma aka manta da ni a tsaye, wanda ya yi mini daidai.

Da ta gama, malamin nan ya ce ya janye maganarsa, kuma ya ba ta haƙuri. Amma ya ƙara da cewa su yara za ta koyar musu, ba dattawa ba.

Ba a tambaye ni ba, na amsa. Na ce, "Malam, yaro in an ce ya yi, yi yake. Ni sai da na yi mata gardama a kan kowane harafi. Sati biyar, ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ka ba ta yaran ka gani."

Hajiya ta ce, "Za ku ji daga gare mu." Muka fito. Da muka kusa gida Auta ta ce, "Baba, ka manta ɗigo a ƙarshen layi na biyu."

Bayan kwana goma waya ta yi ƙara. An ɗauke ta, aji ɗaya aka ba ta. Uwarta ta yi guɗa har awaki suka watse.

Labarina kuwa ya riga ni isa ƙauye, kamar yadda na zata. A majalisa aka raɗa mini Ɗan Aji Ɗaya. Wani ya tambaya ko an ɗinka mini gajeren wando. Wani ya ce in malama ta yi mini bulala in kawo ƙara wajensa. Na bar su. Kafin kaka ta wuce, biyu daga cikin masu dariyar sun same ni a gona, kowa shi kaɗai, kowa yana waige, suna tambaya ko malama tana zuwa gida ranar Asabar.

Abin da na koya ba shi da yawa. Na ɗauka abin da nake karewa mutunci ne, ashe tsoron dariya ne kawai, kuma dariya sati uku take yi ta mutu. Saura kaɗan in sayar da aikin 'yata a kan wannan. Na kuma gane malami na gaske ba wanda ya san amsa ba ne. Wanda zai ga ka yi shirme ya tsaya ya tambaye ka dalili, shi ne. Na yi rayuwa mai tsawo, an zage ni, an doke ni, an yabe ni, amma ba wanda ya taɓa tambayata dalilina sai yarinyar da na haifa. Wannan rubutun da kuke karantawa ni na yi shi a waya da yatsa ɗaya. Kwana huɗu ya ci.

Shafukan nan har yau suna makarantar. Bayan zango guda Hajiya ta aiko tana roƙon a bar mata su, don ta riƙa nuna wa sababbin malamai yadda ake haɗa fayil. Auta ta zo tana ta kewaye-kewaye, tana tsoron zan ƙi. Na ce a bar mata, amma da sharaɗi guda: a rubuta shekaruna da manyan baƙi a bangon fayil ɗin. Rubutun ya yi muni da yawa. Kada a ɗora wa ɗan wani laifina.